Koya Wa Ƙananan Yara Kiɗan Fiyano: Yaushe Ake Farawa, Kuma Ta Yaya?

A 'yan shekarun nan, darasin fiyano ya shiga jerin abubuwan da wasu makarantu masu zaman kansu a manyan biranen Najeriya ke tallata kansu da su, tare da kwamfuta da ninƙaya da harshen Faransanci. Sau da yawa kuɗinsa daban ne da kuɗin makaranta, kuma da zarar yaro ya fara, sai maganar saya masa abin kaɗawa a gida ta taso. A nan ne uba ɗan kasuwa ko uwa ma'aikaciya ke tsayawa da tambayoyi: shin yaron bai yi ƙanƙanta ba? Wane irin fiyano za a saya? Gaskiya ne kiɗa na ƙara basira, ko kuwa daɗin bakin masu talla ne?

Ra'ayin malaman addini da na iyalai ya bambanta a kan kiɗa, kuma kowane gida da matsayar da ya ɗauka. Ga waɗanda suka yanke shawarar sa 'ya'yansu, akwai abubuwa biyu da ke iya salwanta idan aka fara da ƙafar hagu: kuɗin iyaye, da sha'awar yaron. Na biyun ya fi wuyar dawowa.

Mene ne fiyano?

Hausawa da dama sun san kalmar ce ta hanyar waƙoƙin fina-finai. Tun daga shekarun 1990, ɗakunan haɗa waƙa a Kano suka rungumi na'urar lantarki mai madannai, akasari ƙirar Yamaha, wadda ke kwaikwayon amon ganga da sarewa da goge, har aka riƙa kiran irin waɗannan waƙoƙi da sunan waƙoƙin fiyano. Waccan na'ura, wadda ake kuma kira kibod, jika ce ga fiyano na ainihi.

Na ainihin wani Ba'italiye ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Fulorans wajajen shekarar 1700. Guda uku daga cikin waɗanda ya ƙera da hannunsa suna nan har yau, mafi tsufa na 1720 yana wani gidan tarihi a birnin New York na Amurka. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Italiyanci biyu masu nufin sauti mai taushi da sauti mai ƙarfi, domin abin da ya bambanta shi da kayan kiɗa masu madannai da suka gabace shi shi ne yadda yake amsa nauyin hannu: in an danna a hankali ya yi raɗa, in an danna da ƙarfi ya yi ruri.

Cikakken fiyano na zamani yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230, kuma kowane madanni na haɗe da 'yar guduma mai kan ulu da ke bugun tsirkiya. Jan da tsirkiyoyin ke yi wa firam ɗin ƙarfen da ke riƙe da su ya kusa tan 20.

Malaman kiɗa na son fara yara da shi saboda dalili mai sauƙi. Mai koyon goge ko sarewa yakan shafe makonni kafin ya fitar da sauti ɗaya mai daɗin ji, amma yaro ɗan shekara huɗu da ya danna madanni zai ji sauti daidai tun ranar farko. Haka kuma, sautukan a jere suke a gabansa, masu kauri a hagu, sirara a dama, yana ganinsu da idonsa.

Shekara nawa ya kamata a fara?

Galibin malamai na karɓar yara a darasin zaman kujera tsakanin shekara biyar zuwa bakwai. Sai dai abin da suke dubawa ya wuce takardar haihuwa. Suna lura ko yaron zai iya zama ya mayar da hankali na minti goma zuwa goma sha biyar, ko ya bambance hannun dama da na hagu, ko yana ƙirga ɗaya zuwa biyar, ko yana iya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ko shi da kansa yana zuwa wurin abin ba tare da an tura shi ba. Girman hannu ma abin dubawa ne. Tazarar da ke tsakanin wani sauti da takwaransa na takwas a fararen madannai, wato zango ɗaya, ta kai kimanin santimita 16 da rabi, abin da hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Shi ya sa waƙoƙin farko ba sa wuce madannai biyar da ke maƙwabtaka da juna.

Akwai hujjar kimiyya da ke goyon bayan farawa da wuri. Wani bincike da Gottfried Schlaug da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 ya gano cewa gadar jijiyoyi da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ta fi girma a makaɗan da suka fara koyo kafin shekara bakwai. Masu iya magana dama sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mozart, wanda aka haifa a 1756, yana ɗan shekara uku yake tsayawa kallon yayarsa tana ɗaukar darasi a wurin mahaifinsu, ya kuma fara tsara 'yan gajerun kiɗe-kiɗe yana ɗan shekara biyar.

Duk da haka, wanda ya wuce bakwai bai makara ba. Bafaranshe Lucas Debargue ya fara yana ɗan shekara 11, ya ajiye na wasu shekaru, ya dawo, sannan ya zo na huɗu a gasar Tchaikovsky ta birnin Mosko a 2015, ɗaya daga cikin gasannin fiyano mafi tsauri a duniya. Yaro ɗan shekara takwas ko tara kan koyi a wata uku abin da ɗan shekara huɗu zai shekara yana fama da shi.

Ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu, abin da ya fi dacewa da su shi ne rera waƙa da tafi da taka rawa daidai da bugu. Manyan masu tsara hanyoyin koyar da kiɗa, irin su Émile Jaques-Dalcroze na birnin Janeba da Zoltán Kodály na ƙasar Hungari, sun gina tsarinsu ne a kan cewa jiki da murya su ne kayan kiɗan yaro na farko. Waƙoƙin gaɗa da na tashe da na reno da yaran Hausawa ke tasowa da su suna yin wannan aiki ba tare da an biya ko sisi ba.

Kunne kafin ido: darasin Suzuki

Babu wanda ya yi tasiri a kan yadda ake fara ƙananan yara da kayan kiɗa kamar Shinichi Suzuki, ɗan ƙasar Japan da aka haifa a birnin Nagoya a 1898, ya rasu a 1998. Mahaifinsa na da masana'antar ƙera bayolin, wato gogen Turawa, shi kuma ya yi karatun kaɗa shi a birnin Balin na Jamus a shekarun 1920. A can ya sha wahalar koyon Jamusanci, yana kuma kallon ƙananan yaran Jamus na zuba shi ba gargada. Daga nan tunani ya zo masa: kowane yaro mai lafiya yana ƙwarewa a harshen uwarsa, komai wuyarsa, ba tare da an yi masa jarrabawar baiwa ba. Yana jin harshen dare da rana, yana kwaikwayo, ana yaba masa in ya furta kalma, ba a gajiya da maimaita masa, kuma sai ya iya magana sarai kafin a nuna masa harafi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Suzuki ya kafa makarantarsa a garin Matsumoto, inda ya riƙa koyar da yara tun daga shekara uku a kan wannan tsari. Da bayolin ya fara, daga baya malama Haruko Kataoka da wasu suka daidaita hanyar ga fiyano. Ginshiƙanta huɗu ne: yaro ya riƙa sauraron waƙoƙin da zai koya kullum a gida; uwa ko uba su halarci darasi su zama mataimakan malami; a ci gaba da bitar tsofaffin waƙoƙi ko da an shiga sababbi; sannan a jinkirta karanta rubutun kiɗa har sai hannu da kunne sun zauna. Suzuki ya sha nanata cewa burinsa tarbiyyar mutum mai kyakkyawar zuciya ne, ko da yaron bai zama makaɗi ba.

Wannan tsari ba zai zama baƙo ga wanda ya san gidan makaɗan gargajiya ba. Ɗan makaɗin kalangu ko na kotso yana tasowa ne yana ji, yana bin iyayensa wurin biki, a ba shi ƙaramar ganga ya riƙe bugu guda, kafin a bar shi ya yi gaba. Babu takarda a ciki.

Ƙarfin kunne ya fito fili a labarin Nobuyuki Tsujii na Japan, wanda aka haifa makaho, ya fara da fiyanon wasan yara yana ɗan shekara biyu, ya kuma raba lambar zinare ta gasar Van Cliburn a Amurka a 2009. A Najeriya ma, Cobhams Asuquo, mai tsara kiɗa kuma makaho, misali ne da kowa ya sani.

Masu sukar hanyar Suzuki na cewa wasu yaran kan iya kaɗa waƙoƙi masu wuya amma su kasa karanta mafi sauƙi, kamar mai hadda da bai iya rubutu ba. Saboda haka malamai da yawa a yau haɗawa suke yi: kunne ya yi gaba, ido ya biyo shi ba da jimawa ba.

Abin da ɗan Bahaushe ya zo da shi

Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba wuya ta wahala da wuyan da ake rataya sarƙa, ko kai na jiki da kai da ake nuna mutum da shi. Da wannan ne kalangu ke kiran suna ya yi kirari. Yaron da ya tashi da Hausa ya riga ya saba da sauraron sama da ƙasa a murya, kuma malami mai basira zai iya farawa daga nan: ya furta sunan yaron, ya nemi ya samo madannai biyu da suka yi kama da hawa da saukarsa.

Baƙaƙen madannai ma wata ƙofa ce. A jere suke rukuni-rukuni, biyu da uku, biyu da uku, kuma sautuka biyar da suke bayarwa sun yi kusa da tsarin sautuka biyar da yawancin waƙoƙin gargajiyar ƙasar Hausa ke tafiya a kai. Yaro zai iya lalubo amon waƙar da ya sani a kansu, kuma kusan duk yadda ya haɗa su ba sa yi wa kunne karo. Littattafan koyarwa na zamani da dama da baƙaƙen suke farawa, domin su ne alamar da ake gane wurin kowane farin madanni da ita.

Yadda darasin farko ke kasancewa

Darasin ɗan shekara biyar ko shida bai kamata ya wuce minti 20 zuwa 30 ba, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma a rarraba shi: ɗan rera waƙa, ɗan tafi, ɗan zama a kan madannai.

Zama shi ne abu na farko da ake gyarawa. Kujerar ta kasance da tsayin da damtsen yaro, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, zai miƙe daidai da madannai. In ta yi ƙasa a ɗora matashi mai tauri. Ƙafafunsa kada su yi lilo. A sa masa ɗan benci ko akwati ya taka, domin yaron da ƙafarsa ke reto da kafaɗa yake riƙe jikinsa, nan da nan ya gaji. Hannu kuma a lanƙwashe yake sauka, kamar an kife shi a kan lemo.

Daga nan sai lambobin yatsu. A kowane hannu, babban yatsa shi ne 1, manuniya 2, na tsakiya 3, mai bi masa 4, ƙarami 5. Na huɗu ne mafi rauni a wurin kowa, babba da yaro, saboda yadda jijiyoyinsa ke haɗe da na maƙwabtansa, don haka ba abin faɗa ba ne in ya ƙi ɗagawa. Fararen madannai kuwa sunaye bakwai kacal gare su, daga A zuwa G, suna ta maimaituwa. Madannin C shi ne farin da ke hagu da kowane rukunin baƙaƙe biyu, kuma C na tsakiyar fiyano shi ne masaukin mai koyo. Wasu malaman na amfani da do, re, mi, tsarin da ya yaɗu a makarantu da majami'un Najeriya.

Ana fara hannu ɗaya, sannan ɗayan, sannan a haɗa. Haɗa hannu biyu, kowanne da aikinsa, shi ne tudu na farko da yara da yawa ke cijewa a kai, kuma yakan ɗauki watanni.

Littattafai da waƙoƙin koyo

Manyan masu tsara kiɗa sun bar wa yara gado. A 1725 Johann Sebastian Bach ya buɗe wa matarsa Anna Magdalena wani kundi da aka riƙa tara ƙananan kiɗe-kiɗe a ciki domin amfanin gida, kuma har yau ana koyar da yara da su. Robert Schumann ya rubuta kundinsa na yara a 1848, inda ya fara da wasu 'yan kiɗe-kiɗe da ya yi wa 'yarsa Marie kyautar cikarta shekara bakwai. Béla Bartók na Hungari ya tsara Mikrokosmos, kiɗe-kiɗe 153 a juzu'i shida daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, ya sadaukar da juzu'i biyun farko ga ɗansa Péter.

Bartók ya kuma yi wani abu da ya dace malaman Najeriya su lura da shi. Ya yi yawo ƙauyuka yana naɗar waƙoƙin manoma, ya mayar da da dama daga cikinsu darussan fiyano na yara, don yaro ya fara da amon da ya sani. 'Yan Najeriya irin su Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, da Joshua Uzoigwe, wanda ya rasu a 2005, sun bi irin wannan sawu a matakin ƙwararru, inda suka sa fiyano ya yi magana da salon gangunan Afirka.

Atisaye a gida

Darasi sau ɗaya ne a mako. Sauran kwana shida a hannun gida suke. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Asabar, domin yatsu da maimaici suke koyo, kuma barcin da ke tsakanin yau da gobe na taimaka wa ƙwaƙwalwa ta adana abin da aka koya. A tsayar da lokaci ɗaya, a liƙa shi da wani abu da aka saba yi, misali bayan wankan yamma ko kafin cin abincin dare, yadda ba zai ci karo da aikin gida na boko ko Islamiyya ba.

Yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba ba ya iya atisaye shi kaɗai. Yana buƙatar babba a kusa, ko da babban bai san komai a kiɗa ba. Aikinsa ya tuna abin da malami ya ce, ya ƙirga sau nawa aka maimaita, ya saurara. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin yaro ya riƙa kaɗa waƙa daga farko zuwa ƙarshe yana tuntuɓe a wuri guda kullum. Abin da ya dace shi ne a ware wurin tuntuɓen, a maimaita shi a hankali sau huɗu ko biyar, sannan a mayar da shi cikin waƙar. Yabo kuma ya zama a kan abu takamaimai: yau hannun hagu bai yi gaggawa ba.

Shin fiyano na ƙara basira?

Nan ne talla ta fi yawa. A 1993, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka sa ɗaliban jami'a 36 sauraron kiɗan Mozart na minti goma, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin tunanin siffofi. Tasirin bai wuce minti 15 ba, kuma babu jariri ko ɗaya a binciken. Duk da haka labarin ya bazu har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 a shekara don raba faifan kiɗa ga jarirai sababbin haihuwa.

Bincike a kan koyon kiɗa, maimakon saurare kawai, ya fi ƙarfi amma sakamakonsa matsakaici ne. A 2004 Glenn Schellenberg na Kanada ya raba yara 144 'yan shekara shida gida huɗu: masu koyon kibod, masu koyon rera waƙa, masu wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba su komai ba. Bayan mako 36, makin gwajin basira na masu kiɗa ya ƙaru da kimanin bakwai, na sauran kuma da kimanin huɗu. A 2018 aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Beijin a kan yara 74 'yan shekara huɗu zuwa biyar masu magana da Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti. Waɗanda suka yi wata shida suna darasin fiyano sun fi sauran iya bambance kalmomi masu kama da juna a kunne, amma ba su fi su a gwajin basira ba. Sannan a 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka ce in aka tsaya ga waɗanda aka tsara da kyau, tasirin kiɗa a kan lissafi da karatu kusan babu shi.

Abin da ya tabbata shi ne yaron da ya koyi fiyano zai iya fiyano, kunnensa zai yi kaifi, kuma zai san yadda abu mai wuya ke zama mai sauƙi da yau da gobe. Makarantar da ta yi alkawarin zai zo na ɗaya a lissafi ta faɗi abin da ba ta da hujja a kai.

Haɗarin tilastawa

Lang Lang, shahararren makaɗin ƙasar Sin da aka haifa a 1982, ya ce wani zanen Tom and Jerry da ya gani yana ɗan shekara biyu, inda kyanwa ke kaɗa fiyano, shi ya fara jan hankalinsa. Amma a littafin tarihin rayuwarsa ya bayyana irin matsin da ya sha daga mahaifinsa, musamman lokacin da wata malama a Beijin ta sallame shi yana ɗan shekara tara, har ya yi watanni bai taɓa fiyano ba. Shi ya dawo ya yi suna. Yara da yawa da aka yi wa irin haka ba sa dawowa.

Duka ko tsawa a kan madannai na sa jiki ya ƙage, kuma ƙagaggen hannu ba ya kiɗa. In yaro ya fara kukan ciwon wuyan hannu ko kafaɗa, a dakata a duba zamansa. In ya yi makonni yana ƙin zuwa, a binciki dalili: wataƙila waƙar ta fi ƙarfinsa, ko lokacin bai dace ba, ko jininsa bai haɗu da na malamin ba. Hutun wata shida ga ɗan shekara biyar ba asara ba ce.

Wanne za a saya?

Fiyanon katako, ko da ƙaramin mai jingina da bango ne, nauyinsa kan kai kilo 200, kuma yana buƙatar ƙwararre ya daidaita masa sauti aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Katakonsa ya fi son danshin iska na kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A arewacin Najeriya danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu, ya kuma yi sama sosai da damina. Wannan kumbura da motsewa na ɓata saiti, wani lokaci har ya tsaga katakon da ke ƙara amo. Masu gyaransa kuma ƙalilan ne. Duk mai son sayen na hannu ya tafi da wanda ya san kan abin, don tsohon fiyanon da tsirkiyoyinsa ba sa riƙe saiti kayan ado ne kawai.

Ga yawancin gidaje, na lantarki ya fi dacewa. Kibod mai madannai 61 ya isa shekarar farko, da sharaɗin madannan su zama masu cikakken girma, kuma masu amsa nauyin hannu. A gwada a shago: a danna a hankali, a danna da ƙarfi, in sautin bai canza ba a bar shi. In yaro ya ɗore, sai a koma mai madannai 88 masu nauyi irin na fiyanon katako, da feda ta ƙafa. A tambaya ko yana aiki da batir, a kuma haɗa shi da na'urar kare kaya daga hawa da saukar wuta. A rufe shi da zane saboda ƙura. In za a sa wa yaro abin saurare na kunne, a rage ƙara. Kuma a ajiye shi inda jama'ar gida ke zama, domin abin da aka kulle a ɗaki mantawa ake yi da shi.

Malami da jarrabawa

Iya kaɗawa daban, iya koyar da ɗan shekara biyar daban. Kafin a biya kuɗin zango, iyaye su nemi su zauna a darasi ɗaya su ga yadda malamin ke yi in yaro ya yi kuskure, su tambayi littafin da yake bi, da abin da yake sa ran yaron zai iya bayan wata shida. Darasi a riƙa yin sa a falo ko a ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa, da babba a kusa. Malamin kirki ba ya ƙin haka. Manhajojin waya da bidiyon intanet na taimakawa wajen bita, amma ba sa ganin karkataccen wuyan hannu balle su gyara shi.

Ga masu son takardar shaida, hukumar ABRSM ta Landan, wadda aka kafa a 1889, na shirya jarrabawa mataki-mataki daga 1 zuwa 8, haka ma Kwalejin Trinity ta Landan. A cikin gida akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983, mai makarantar kiɗa a Onikan da nata jarrabawar. Kiɗa na cikin darussan da ake iya rubutawa a WAEC, kuma Jami'ar Najeriya da ke Nsukka na da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. Yaron da ya fara yana ɗan shekara shida yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya isa mataki na 1, kuma babu abin da ke tilasta a rubuta kowane mataki.

Ma'aunin da ya fi jarrabawa amfani a shekarar farko a gida ake ganinsa. In yaro na wucewa ta gefen fiyano ya tsaya don kansa, ya lalubo amon wata waƙa da ya ji a rediyo ko a bakin kakarsa, to kuɗin da aka kashe bai tafi a banza ba. In kuwa sai an kira sunansa sau uku kafin ya zo, lokaci ya yi da iyaye da malami za su zauna su sake shawara.